Shekarar da Na Gudu da Sagir daga Askar Baffa

Na san abin da aka faɗa muku, don gidanmu ba gidan da magana ke kwana ba ne. An ce muku uwarku ta taɓa ɗauke ɗan mutane ana gobe kaciya, ta kai shi Anguwan Rukuba ta ɓoye, ta kunyata gidan wanzamai a idon duniya. Har yau gwaggwanninku in suna so su ce yarinya tana da taurin kai, sai su ce ta biyo Rakiya. Ban taɓa tankawa ba, domin lokacin Baffanku Ado yana raye, kuma babanku ya roƙe ni in bar kaza cikin gashinta. Yanzu dukansu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma jiki ya fara ba ni sanarwa, ga shi kuma Bilki ta sauka, Allah ya ba ta ɗa namiji. Saboda wannan jaririn zan rubuta muku yadda aka yi. Ku bi ni a hankali, musamman ke Bilki da ba kya bari a kai ƙarshen zance.

Gidan da aka kawo ni aure a unguwar Ali Kazaure, cikin Jos, gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Babanku ne kawai ya zame ya zama direba, yana ɗaukar dankali da kabeji da karas zuwa Kudu, sai ya yi kwanaki ba mu gan shi ba. Yayansa Ado, wanda kuke kira Baffa, shi ne babban gida kuma shi ya gaji zabira. Zan faɗi gaskiyarsa ko da ba mu rabu da daɗi ba: ban taɓa ganin hannu mai sauƙi irin nasa ba. Yana cire belun jariri kafin uwar ta gama kawar da kai. Yana da wani garin magani da ya gada wajen mahaifinsu, a cikin ƙaramin ƙaho mai murfin fata, in ya barbaɗa a kan yanka sai jini ya tsaya kamar an rufe famfo. Daga Gangare har Bukur ana kawo masa yara, har Yarabawan unguwa da wasu Kiristoci. Abin da yake yawan faɗa, yana shafa gemu, shi ne a gidan nan jini ba ya gardama. Ni kuma ina sana'ar suyar masa, wato waina, a ƙofar gida, kullum da safe nakan aika masa da ta farko mai zafi, ya ci ya sa albarka.

Sagir bakwaini na haife shi, cikin sanyin nan na Jos da ke shiga har ƙashi. Don ƙanƙantarsa Baffa da kansa ya ce kada a cire masa belu, a bar shi ya yi ƙwari, ko askin suna ma sama-sama aka yi. Daga nan aka manta, Allah ya rufa asiri ban sani ba. Da ya fara rarrafe sai na riƙa ganin tabo baƙi-baƙi a gwiwoyinsa da goshinsa. Da ya fara gudu, in ya faɗi sai gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ya kwana biyu yana jan ƙafa. Baffa ya duba ya ce mataccen jini ne da sanyi, in an yi masa kaciya ya warke za a kafa masa ƙaho a zuƙe. Kowa ya yarda, ni ma na yarda. Wa zai ja da mai gado a kan sana'arsa?

Shekarar da ya cika bakwai aka sa shi cikin 'yan kaciyar hutun ƙarshen shekara, shi da 'ya'yan maƙwabta, don a gidan nan sai sanyi ya kankama ake yi. A shekarar ce kuma aka turo wata ma'aikaciyar jinya makarantar firamarenku. An ba ta wani ɗan ɗaki kusa da ofishin hedimasta, da benci ɗaya da akwatin magani. Sista Kangyang sunanta, 'yar ƙasa ce, Kirista, gajeriya mai faɗin kafaɗa, kullum da rigar sanyi a kan fararen kayanta. Tana duba wa yara haƙori da farce da makero, tana raba maganin tsutsar ciki, tana wanke gyambo. Iyaye da yawa ba su saki jiki da ita ba, wasu har cewa suke yara su tofar da ƙwayar in ta juya baya. Ni dai ban hana ku sha ba, amma ban taɓa zaton zan taka ɗakinta ba.

Ran nan da hantsi ina kan tanda sai ga Bilki a guje ba takalmi, ta ce Sista tana kirana, haƙorin Sagir ya fita. Na ce to famfara ce, sai a kira ni kamar an yi gobara? Ta ce jini ne ya ƙi tsayawa tun kafin a shiga aji. Na yafa mayafi na bi ta ina faɗa a hanya. Da na shiga ɗakin sai na bar faɗan. Sagir yana zaune a benci ya cije auduga, gaban rigarsa ya rine, ga wani kwanon silba a ƙasa cike da audugar da aka cire. Sista ta sa wata malama ta riƙe shi, ta jawo ni waje bayan taga. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk “ka” take ce musu.

“Maman Sagir, wa ke dukan yaron nan a gida?”

“Duka kuma? A gidan wa?”

“Na cire masa riga. Bayansa, cinyarsa, hannunsa, duk jini ya kwanta. Ka gaya mini gaskiya, ba zan kai ka ko'ina ba.”

Kun san ni. Na gyara ɗaurin zane na ce mata ni na yi naƙudarsa, ni na goya shi a ƙirji cikin tsumma wata da watanni, ba baƙuwar da ta zo jiya ce za ta koya mini son ɗana ba. Ta bar ni na zazzage tas, ko gezau ba ta yi ba. Da na yi shiru sai na ga fuskarta ta canza, ba ta huce ba, tsoro ne ya shige ta.

“Da ka ce mini dukansa ake yi, da ya fi mini sauƙi,” in ji ta. “A dangin ka, ba na babansa ba, naka na wajen uwa, akwai namijin da ya taɓa yankewa jini ya ƙi tsayawa?”

Nan take Habu ya faɗo mini a rai. Ku ba ku san Habu ba, ko sunansa ba a ambata a gidan Inna, mahaifiyata. Ƙanena ne. A Vom muka tashi, inda mahaifinmu ke kiwon shanun gidan gona. Ina da shekara tara aka yi wa Habu kaciya tare da sa'o'insa. Duk sauran suka warke suna cin kaji, shi kuwa jini ya yi ta ɗiga a kan yashin da aka zuba masa, a kwashe a zuba sabo. Ina tuna Inna tana wanke tsummoki ruwan yana komawa ja, ina tuna leɓɓansa sun yi fari, yana ce mini yana jin ƙishi. Bai kai mako ba. Aka ce maita ce, aka ɗora wa wata maƙwabciyarmu, Ladi mai nono, don ita ta kawo masa kunu da safen da aka yi masa. Aka yi ta jifan ɗakinta har ta tattara ta bar garin. Tun daga ranar ban sake haɗa mutuwar Habu da komai ba sai da Ladi, sai ga wata mata da ba ta taɓa jin sunansa ba tana tambayata shi a bayan tagar makaranta.

Na faɗa mata. Ta riƙe hannuna ta ce akwai ciwon da jini ba ya daskarewa, mata ke ɗauke da shi ba su sani ba, 'ya'yansu maza yake kamawa. Ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta yanke hukunci ba, sai an gwada jininsa a babban asibiti.

“Amma kafin nan, ko reza kada ya taɓa shi. An yi masa kaciya?”

“Hutun nan za a yi.”

“Maman Sagir, ina roƙon ka da Allah.”

Sai bayan la'asar jinin haƙorin ya tsaya, bayan ta yi ta danna masa auduga da ƙanƙara. Na goyo shi gida, ƙaton yaro, ƙafafunsa na dukan cinyoyina. Da babanku ya dawo daga tafiya na faɗa masa komai har da Habu. Babanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma a gaban yayansa ba ya iya ɗaga ido. Ya ce mu je tare mu gaya wa Yaya. Muka same shi a zaure yana wasa aska a kan fata. Na durƙusa daga bakin ƙofa, babanku ya yi bayani yana inda-inda, ya ce ko za a ɗan jinkirta a kai yaron gwaji.

“Gwajin me?” in ji Baffa, bai daina wasa askar ba.

“Yaya, an ce jininsa ne ba ya tsayawa,” na ce.

“Wa ya ce?”

“Malamar asibitin makarantarsu.”

“Jinin haƙorin bai tsaya ba?”

“Ya tsaya, amma sai da ya wuni.”

“Don ba a kawo mini shi ba ne. Rakiya, yaran da na yi wa kaciya a garin nan, wasu yanzu jikoki gare su. Wanne aka binne? Sai ɗan gidana ne zan kai asibiti in nemo izini wajen masu raba maganin tsutsa? Gobe wa zai kawo mini ɗansa, in aka ji wanzami ya ji tsoron jinin ɗan ƙanensa?”

Na ambaci Habu. Ya ce Allah ya jiƙan Habu, amma wanda ya yi masa ba shi da laƙanin gidan nan, kuma kowa ya san abin da ya ci yaron. Ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ya fahimce ni, amma in tashi in je in ji da tandata. Babanku ya ce mini a ɗaki in kwantar da hankali, akwai sauran lokaci, in ya dawo daga wannan lodin zai kai yaron asibiti a ɓoye. Ya tafi. Bayan tafiyarsa Baffa ya jawo ranar kusa, ya ce washegarin rufe makaranta za a yi, wai uban ɗaya daga cikin yaran zai yi tafiya. Lokacin waya ba ta shiga hannun kowa ba, ba ni da yadda zan sami babanku.

Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan kwanaki ba, kuma ba na fatan ɗayanku ya ji. Aka share ɗakin zaure, aka kawo yashi a baro aka zuba. Da na ga yashin nan sai da na shiga bayi na yi kuka. Aka ɗinka bante, aka sayo kaji aka ɗaure a tsakar gida, matan gida suna daka bagaruwa suna raha. In na zuba ƙullu a tanda sai in manta har ta ƙone, masu saye suna tambaya ko lafiya. Na je wajen matar Baffa na roƙe ta ta yi masa magana, ta ce ita ba ta shiga tsakanin maza da sana'arsu. Abin da ya fi kashe ni shi ne murnar Sagir. Yana zagaya kajin yana zaɓa.

“Umma, an ce kaza guda ni kaɗai zan cinye. Waccan ja nake so. Kuma ba zan yi kuka ba, Baffa ya ce ɗan wanzami ba ya kuka.”

Na ce Allah ya kai mu, na juya baya kada ya ga idona.

Ranar rufe makaranta na yi suya kamar kullum, na aika wa Baffa tasa. Da hantsi na bar tanda a hannun maƙwabciya na ce zan je karɓo sakamakon yara. Ban ɗauki ko zane na biyu ba, kada a gane. Na sami Sista tana kulle akwatinta, na ce mata gobe ne. Ba ta yi mini dogon zance ba, ta ɗauki jakarta ta kamo hannun Sagir. Na ce wa Bilki ta kama ƙannenta su koma gida, duk wanda ya tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Na san marin da kika sha a hannun Baffa ranar, Bilki, kuma na san ba ki buɗe baki ba.

A babban asibiti aka ɗebi jininsa, aka ce sai bayan 'yan kwanaki sakamako zai fito. Muka fito bakin titi na tsaya, gaba kura baya sayaki. In na koma gida, da asuba aska za ta hau shi. In na tafi Vom wajen Inna, nan za a fara nema, kuma Inna da kanta za ta miƙa shi, don ita har lokacin Ladi ce ta cinye mata ɗa. Sista ta dube ni ta ce akwai wuri ɗaya da ba wanda zai biyo ni daga Ali Kazaure, gidanta a Anguwan Rukuba. Ku da kuka girma daga baya ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Shekarun nan gari ya rabu biyu, Musulmi da Kirista, kowa ya san titin da ba ya tsallakawa, ɗan acaɓa ma sai ya dubi shigarka kafin ya ce zai je ko ba zai je ba. Na ce mata ko in cire mayafin in yi ɗaurin kai irin nasu.

“Kada ka cire komai,” in ji ta. “Baƙona ne kai. Wanda zai taɓa ka sai ya fara da ni.”

Muka shiga unguwar ina karanta duk addu'ar da na sani, hannun Sagir cikin nawa ya jiƙe da gumina. Masu walda da masu sayar da gawayi suka ɗago suna kallona, ita kuma tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, tana cewa ni 'yar'uwarta ce. Mijinta, wani kafinta dogo mai suna Dung, da ya ji labari sai ya fita ya dawo da sabuwar buta da tabarma, ya nuna mini gabas. Suka ba mu ɗakin 'ya'yansu. Ta dafa gwaten acca da ganye, ta ce babu nama a ciki kada in yi shakka. Duk da haka in na ji an buga ganga a cocin bayan gidan, ana koyon waƙoƙin Kirsimeti, sai gabana ya yanke ya faɗi. Sagir kuwa fushi yake da ni, ya ƙi kallona, wai na sa an cinye masa jar kazarsa.

Ana jibi sakamako zai fito abin da nake gudu ya same ni a inda na gudo. Da yamma yaran gidan suna buga ƙwallon leda a tsakar gida, na hana shi, na hana shi, na shiga yin alwala. Kafin in fito ya shiga cikinsu, ya yi tuntuɓe ya faɗi ya ciji harshe. Ciwon bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sista ta danna masa bandeji, ta sa ƙanƙara, ta canza, ta sake canzawa. Jinin ba tsartuwa yake ba, tsattsafowa yake a hankali, ba ya sauri ba ya fasawa, irin na Habu sak. Da ta ga ya fara haɗiya yana amayar da shi baƙi, ta ce wa mijinta ya nemo mota. A cikin motar nan ina rungume da shi abin da ke yawo a kaina shi ne, na sato ɗan mutane daga gidan ubansa, zan mayar musu da gawa daga gidan da ko sunansa ba sa son ji. Na ce ya Allah in ɗauka za ka yi, ka haɗa da ni, don ba ni da fuskar komawa.

Aka kwantar da shi. Wani likita matashi ya sa aka gaggauta gwajin, ya zo ya ce abin da Sista ta zata ne, ya faɗi sunan ciwon, himofiliya, ya ce akwai wani sinadari da ke sa jini ya daskare, na Sagir kaɗan ne ƙwarai. Maganin da ake yi wa allura babu shi a asibitin a lokacin, sai dai a nemi sabon jini a tace a ƙara masa. Dung ya ce a gwada nasa, sannan ya tafi tashar manyan motoci da ƙafarsa ya bar saƙo ga babanku. Ashe ya dawo, yana can yana haukan nemanmu. Washegari da hantsi sai ga shi ya shigo ɗakin, Baffa na biye da shi da zabira a kafaɗa. Sagir ya yi fari fat, leɓɓansa sun bushe, ga kwano a gefen gado. Ya buɗe ido ya ce mini yana jin ƙishi. Da na ji kalmar nan sai da na riƙe ƙarfen gado.

Baffa bai dube ni ba. Ya jira ma'aikaciyar ɗakin ta fita, ya buɗe zabira ya ciro ƙahon maganin. Ban hana shi ba. Wallahi a ranar ina roƙon Allah ya sa shi ne mai gaskiya, in sha kunya har ƙarshen raina, in dai jinin zai tsaya. Ya yi bisimilla, ya ce Sagir ya miƙo harshe, ya barbaɗa, ya danne da babban yatsa yana motsa baki. Ya daɗe. Da ya ɗaga, wurin ya bushe, babanku har ya fara hamdala. Muna kallo sai garin ya fara jiƙewa daga tsakiya, ya yi ja, wani siririn jini ya gangaro gefen baki. Ya sake barbaɗawa, ya sake dannewa. Ya sake jiƙewa. Ya sunkuya ya ƙura wa ciwon ido, ya gwada shi da bakin farcensa.

“Wannan ne kawai?” ya tambaya, bangon yake kallo.

“Shi ne kawai, Yaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun jiya da la'asar.”

Ya fi kowa sanin girman yankan da ya yi niyyar yi. Ya mayar da ƙahon, ya ɗaure zabira, ya fita ya zauna a ƙasa a barandar asibiti, babban mutum da rawaninsa, mutane suna tsallake ƙafafunsa. Aka ɗebi jinin babanku, aka haɗa da na Dung. Ledar jini ta farko ba ta yi ba. Ana cikin ta biyu Sista, wadda ba ta bar gefen gadon ba, ta ɗaga audugar ta nuna mini ita fara. Ban yarda ba sai da aka canza wata ita ma ta fito fara, sannan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar yashi.

Kuna zaton daga nan aka ce Rakiya ta yi gaskiya? Ina. Na koma gida na tarar an gama yanke mini hukunci. Zancen da ya zaga unguwa shi ne na kai yaro cikin Kiristoci sun yi masa wani abu, shi ya sa jininsa ya lalace. Ciniki ya ja baya, wasu matan suka daina shigo mini. Baffa bai ƙaryata su ba, bai kuma gaskata su ba. Washegarin dawowata na aika masa masa ta farko, aka dawo mini da ita a rufe yadda na aika. Har ya koma ga Allah bai sake cin abin hannuna ba, in zai yi mini magana sai ya ce a gaya wa uwar Sagir, ko da ina tsaye a gabansa. Ban san ko fushi ne ko kunya ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Abu ɗaya na sani, don ɗakina yana jikin zaure. Tun daga shekarar, duk wanda ya kawo masa yaro, kafin ya buɗe zabira sai na ji ya ce a tambayo uwar, ko a danginta akwai namijin da jini ya taɓa ƙi tsaya masa.

Sagir sai da ya kai shekara goma aka yi masa kaciya a asibiti, bayan Sista ta yi ta bin likitoci har aka samo allurar aka yi masa kafin a taɓa shi. Shekarun da ke tsakani ya sha gori wajen yara, ya daina zuwa rafi wanka, ya daɗe yana ganin ni na jawo masa. Ranar da aka sallamo shi na yanka masa jar kaza ya cinye shi kaɗai. Ga shi nan yau da shagon ɗinkinsa da gwiwarsa mai ciwo, yana yi mini tsiya wai na fi 'yan sanda bincike in ya yanke farce.

Wadda na fi jin tsoron faɗa wa ita ce Inna. Na je Vom na same ta tana tsince wake a tsakar gida, na yi mata bayani yadda likita ya yi mini, na ce abin a jininmu yake, daga ita zuwa ni, kuma shi ne ya ɗauki Habu. Na zaci za ta yi faɗa. Ta ajiye faifan a hankali, ta daɗe tana kallon katangar da ta raba gidanmu da kangon da ba wanda ya sake zama a ciki.

“To Ladi fa?” in ji ta.

Mun aika an bincika, aka ce ta daɗe da rasuwa a wani ƙauye wajen 'yar'uwarta. Inna ta yi ta sadaka da sunanta har ta mutu, amma ba ta sake kwana da daɗi ba.

To Bilki, ga dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan da idon da ba ya gani sosai. Abin da na ɗauko daga Inna, mai yiwuwa kin ɗauka daga gare ni, ke da ƙannenki mata, kuma ba a gani a fuska. Na ji surukarki tana cewa a haɗa komai ranar suna a huta, aski da belu da kaciya, yadda ake yi yanzu. Na kuma ji ɗan Baffa ne zai zo da zabirar ubansa. Ki karɓe shi da mutunci, ɗan'uwanki ne, a ba shi goronsa da kason namansa cif. Amma aska ba za ta hau jaririn nan ba sai an kai shi an gwada jininsa. In ya fito lafiya, ni da kaina zan riƙe shi a yi masa. In sun ce ki bari a yi tukuna, in sun ce kin raina al'ada, in mijinki ya sunkuyar da kai ya ce ki yi haƙuri, kada ki tsaya gardama. Ki goya shi ki fito, ina bakin ƙofa da mayafina. In an ce kin biyo Rakiya, ki ce e.